Cikakken Mutum Goma Sha Biyar

A unguwarmu a Tambuwal babu wanda bai san Dalhatu Injiniya ba, kuma babu wanda ya raɗa masa wannan suna sai shi da kansa. Masinja ne a wani ofishin ayyuka, shekara goma sha tara yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Da yake injiniyoyi ne ke zaune a bakin teburan, sai ya ɗauka ilimin yana bin takarda ya shiga hannun mai ɗauka. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma har yau ina jin haushin fankata da ya gyara, wadda tun ranar take hura iska ta baya tana sanyaya bango.

Yana da 'ya ɗaya mai suna Hanifa, 'yar aji biyar a firamare, yarinya mai natsuwa wadda ba ta ɗauko komai nasa ba sai hanci. Wata Litinin ta dawo daga makaranta da takarda a hannu tana tsalle. Malamarsu, Malama Ruwaida, ta ce kowane ɗalibi ya zauna da mutanen gidansu su haɗa ɗan injin jifa da 'yan sanduna da cokali da roba, irin wanda ake danna cokalin a saki ya cilla ƙwayar gyaɗa. Ranar Alhamis za a gwada a filin makaranta gaban iyaye, kuma wanda nasa ya fi kyau za a tafi da shi Sakkwato wurin baje kolin yara. Hanifa ba ta taɓa zuwa Sakkwato ba. Tun a hanya ta gama zaɓen kayan da za ta sa.

Tsautsayi ya sa ubanta yana gida. Ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da fuska, ya matso da ita, ya yi gyaran murya.

"Wanga ai aikinmu na. Sun ce sanda mai tsawon sha biyar c-m. Kin san mi a c-m?"

"Santimita na, Baba."

"Santi mi? Ke dai santin tuwo kinka sani. C-m, cikakken mutum ke nan. Haka muka rubuta shi ofis in muna gaugawa. Tsawon cikakken mutum goma sha biyar."

Matarsa Nasiha ta ɗago kai daga tankaɗen da take yi. "Baban Hanifa, cikakken mutum sha biyar? Ai ko hasumiyar masallacin Juma'a ba ta kai hakan ga ba."

"To wa ac ce maki ilimi ƙaramin abu na?"

Hanifa ta ɗauko rula daga jakarta za ta nuna masa, ya ce ta mayar, wannan ta yara ce. Ya tattara 'yan sandunan da ta tsinto a hanya ya jefa a murhu, ya ce 'yar Injiniya ba za ta shiga taro da tsinken sakace ba. Yarinya ta koma ɗakin kakarta Inno tana kuka. Inno, wadda ita ta haifi Dalhatu kuma ta fi kowa sanin abin da ta haifa, ta leƙo ta ce, "Kai wanga, ka bar ɗiya da abinta."

"Inno, ki sa ido dai. Injin da zan yi, in na ɗora mai kabewa nan Tambuwal, sai dai a tsince ta Dogon Daji."

Kafin magariba duk majalisar bakin titi ta ji labari. Kafin isha'i kabewar ta wuce Dogon Daji a bakinsa, ta kusa Sakkwato.

Washegari ya ɗauki hutun rashin lafiya, ya hau babur ya nufi Kebbe neman gora, don can ne ɗan kawunsa Ɗangiwa yake noma a bakin fadama. Su biyun taubasai ne, kuma kowa ya san taubashi yana da izinin yi maka abin da in wani ne sai an je gaban alƙali. Ɗangiwa ya yi sakandare har ya gama, ya san santimita sarai. Da ya ji bayani sai ya gyara tsayuwa, ya haɗiye dariyarsa, ya ce, "Bawana, wanga aiki babba na. Sai mun auna da kyau kar Malama ta ce an yi coge."

Aka sare gora mafi tsawo a fadamar aka shimfiɗa a ƙasa. Ɗangiwa ya kira manoman da ke hutawa a inuwa ya ce su zo su kwanta a jere, kan wannan a ƙafar wancan, ana awon gwamnati. Nan fa gardama ta tashi. Na farko da ya kwanta aka ce ya tashi, bai yi aure ba, ba cikakken mutum ba ne. Na biyu aka ce matarsa ta yi yaji sau uku bana, rabi ne. Wani dogon Bafillace da ya zo wucewa da shanu aka roƙe shi ya kwanta, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗa shanunsa ya yi gaba yana waiwaye. Da Dalhatu ya ga rana tana yi, ya tuɓe hula ya ce shi zai kwanta a yi awon da shi.

"A'a," in ji Ɗangiwa. "Kai ai gajere na. Kuma cikakken mutum ba shi ƙaryar ciwo shi gudu aiki."

Daga ƙarshe aka sami dattawa uku da kowa ya yarda da cikarsu, suka kwanta a ƙura, gorar ta ƙare daidai kunnen na ukun.

"Saura sha biyu," in ji Ɗangiwa.

Dalhatu ya shafa gemu. "Uku ya isa. Wanga na gwaji na. Su kansu Turawan da sunka rubuta sha biyar, cika baki na."

Yadda ya kawo gorar gida, wannan labarin masu babur na hanyar Kebbe sun fi ni iya ba da shi. Ya ɗaure ta a tsaye, ta maƙale a reshen tsamiya ta kusa tsige shi daga kan babur. Ya ɗaure ta a gicciye, ta share wa wata mai nono ƙwarya daga ka, ta kuma tare wa motar haya hanya tun daga wani kwari har bakin kwalta, direba yana bin sa da hon da addu'o'in da ba na alheri ba. Ya shigo unguwa bayan la'asar, rigarsa duk nono, yana ɗaga wa mutane hannu. Ɗangiwa yana biye da shi a nasa babur, ya ce ko gonar za ta bushe ba zai bari wannan abu ya wuce shi ba.

Ranar Laraba aka tashi da aiki. Ya ciro gwafa biyu daga rumfar awakin Inno, rumfar ta durƙusa. Ya yanka tsohuwar robar cikin tayar mota ya ɗaure gorar da ita. Takarda ta ce cokali, ya ce cokali na ƙananan injuna ne, ya ɗauki daron wankin Nasiha ya buga masa ƙusa huɗu a kan gorar. Nasiha ta fito daga ɗaki ta ga daronta a sama da tsawon katanga.

"Baban Hanifa, daron aurena na fa!"

"Daron ga ya shiga tarihi. Gode man za ki yi."

Ni ina kan katanga a lokacin, ban ɓoye ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Aka ɗora kabewa a daro, Dalhatu da Ɗangiwa suka ja gorar ƙasa har tana ƙara, suka saki. Kabewa ta tashi, amma ba gabas ta yi ba inda ya nuna. Baya ta yi, ta tsallake ɗakin girki, ta faɗa gidan Malam Ladan da ke bayansu. Muka ji tim, muka ji salati, sai kuma shiru.

Dalhatu ya zagaya karɓo kabewarsa, ya tarar da Malam Ladan a ƙofar gida yana jan carbi.

"Malam, wata kabewa ta shigo nan."

"Awo, ta shigo. Muna zaune iyali na cewa babu abin miya, sai ga ta daga sama. Mun gode ma Allah."

"Tawa ta."

"Kai ka jefo ta? Ai na ji ka ce taka Dogon Daji za ta. Wagga ba taka ba ta." Daga cikin gida kuwa har an fara jin ƙarar wuƙa.

Gwaji na biyu ya ce matsalar nauyi ce, ya cika daro da curin laka. Wannan karon abin ya tashi sama sak, muka ɗaga kai muna kallo, shi kuma ya sa hannu a goshi yana duban gabas yana cewa ta ɓace, ta wuce gari. Lakar ta dawo ta sauka a kan garin tuwon da Nasiha ta shanya. A gwaji na uku daron ne da kansa ya fice ya bar lakar, ya bugi kwanon ɗakin Inno da wata irin ƙara, awaki suka tsinke igiya suka yi waje, aka bi su har bakin kasuwa.

Inno ta fito da sandarta. "Kai wanga, ni ka so ka kashe ko awakin?"

"Inno, kowane inji sai an saita shi. Gobe za ki ga aiki."

Duk wannan abu Hanifa tana tsaye a ƙofar ɗaki, ba ta dariya. Ita kaɗai ce a gidan ba ta ga abin dariya ba, kuma wallahi ta ba ni tausayi. Ta san gobe za a kira sunanta gaban duk makaranta a turo wannan dodo, Sakkwato kuma sai dai ta ji a bakin wasu. Da ubanta ya fita neman ƙusoshi, Inno ta jawo ta ɗaki ta saki labule. Ta tsaga karan dawa, Nasiha ta kawo cokalin shayi da robar da take ɗaure wa Hanifa kitso, yarinya ta ɗauko rularta tana aunawa tana share hawaye. Kafin ya dawo sun gama, Inno ta sa abin a ƙwarya ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar Alhamis da hantsi filin makaranta ya cika. Iyaye a kan benci, yara a jere kowa da ɗan injinsa a tafin hannu, Malama Ruwaida a bakin tebur da rajista. An ajiye kofi a nesa kaɗan, kowa zai harba gyaɗa uku. Ana cikin haka sai aka ji hayaniya daga bakin ƙofa. Amalanke ne ya shigo, maza huɗu suna turawa, gora tana lilo a sama, rabin unguwarmu na biye. A gaba Dalhatu ne cikin farar babbar rigarsa ta Sallah, da biro uku a aljihu.

Malama Ruwaida ta miƙe. "Malam Dalhatu, mi na na wanga?"

"Aikin Hanifa na, Malama. Ki yi haƙuri, uku munka samu. Gorar sha biyar ba ta Kebbe."

"Uku mi?"

"C-m uku."

Malama ta dubi gorar tun daga ƙasa har sama. Shugaban makaranta ya matso zai yi magana, Dalhatu ya riga shi. Ya juya ga jama'a ya yi jawabi a kan ci gaban ƙasa, ya ce da wannan inji za a kori tsuntsu daga gonakin Kebbe ba tare da an taka ƙafa can ba, ya ce nan gaba ma ana iya aika saƙo da shi. Sannan ya ce a ɗauke wannan kofi, a kai bokiti can ƙarshen fili bayan ramin da magina suke kwaɓa ƙasar gyaran katanga.

Aka kafa inji. Mutum huɗu suka ja gorar har daro ya taɓa ƙasa, aka naɗe igiya a turke, aka ba Ɗangiwa bakin igiyar ya riƙe.

"Ka jiya da kyau," in ji Dalhatu. "Kar ka motsa sai ka ji na ce saki. Kalma guda ta."

"Na jiya, bawana. Saki."

Sabuwar kabewa ta ƙi zama a daro, da an ɗora sai ta gangaro. Dalhatu ya tattare riga ya haye kan gorar, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya sunkuya yana tokare kabewar da dutse. Bai lura ba, ɗaya daga cikin dogayen ƙusoshin da ya ƙara jiya ta shige bayan babbar rigarsa ta fito ta wuya. Malam Ladan ne ya gani. Mutumin kirki ne, ga kuma miyar taushe da ya sha jiya tana masa nauyi a zuciya, sai ya taso da sauri ya kama hannun rigar yana ja.

"Dalhatu, sauka, ƙusa ta..."

"Malam, bar ni in yi aiki."

"Ka sauka nic ce, rigarka..."

"Kai Malam, saki!"

Ɗangiwa ya saki.

Ni dai abin da na gani shi ne fari ya tashi sama. Gora ta ɗaga Injiniya ta wuyan riga, ƙafafunsa suna tuƙa keken da babu, takalmi ɗaya ya yi kudu ɗaya ya yi arewa. Da ta kai shi iyakar tsawonta sai riga ta ce ɓarrr, ya zame daga cikinta, ya tafi cikin iska da singileti yana kiran sunan Inno, ya sauka a ramin kwaɓaɓɓiyar ƙasa da baya. Gorar ta yi ƙara ta tsage gida biyu, babbar riga tana rataye a kan guntun tana kaɗawa. Kabewa kuwa tana nan inda take, ta mirgina sau ɗaya ta tsaya.

Aka yi tsit har sai da ya motsa ya zauna, aka ga babu abin da ya karye. Sannan fili ya fashe. Yara suna birgima, mata sun rufe fuska da mayafi kafaɗu na rawa, shugaban makaranta ya juya baya yana tari. Ɗangiwa ya tako a natse tun daga gindin inji har bakin rami yana ƙirga.

"Malama, rubuta. C-m huɗu. In an sa da shi kanai da ke kwance, huɗu da rabi."

"Kai ka saki igiya!" in ji Dalhatu daga cikin rami, yana tofar da laka.

"Kai kac ce saki."

"Da Malam nika!"

"To ni ina nis san da wa kaka? Kalma guda ta, haka kac ce."

Malama Ruwaida ta share ido ta koma kan rajista. Ta dubi Hanifa da ke tsaye kai a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. "Hanifa Dalhatu. Wanga shi na aikinki?" Malama ta ɗaga biro za ta ja layi.

"Dakata, ɗiyata," in ji Inno daga kan benci. Ta taso da ƙwarya a hannu tana dogara sanda, ta ajiye a kan tebur ta ɗage faifai. "Wancan na ubanta na. Ga nata."

Ɗan abu ne da bai fi tafin hannu ba, karan dawa a ɗaure tsaf da robar kitso ja da kore, cokalin shayi a kai. Malama ta sa rula ta auna, sha biyar cif. Aka dawo da kofi. Hanifa ta goge fuska, ta ɗora gyaɗa, ta danna cokali da ɗan yatsa ta saki. Ƙwal, cikin kofi. Ta biyu ta bugi baki ta faɗa ciki. Kafin ta uku fili ya yi shiru har ana jin rigar Dalhatu tana kaɗawa a sama. Ƙwal.

Babu yaron da ya sa uku sai ita. Da Malama ta ce Hanifa ce za ta Sakkwato, Nasiha ta rangaɗa guɗa, kuma muryar da ta fi ta kowa tashi daga cikin rami ta fito.

"Ɗiyata ta! Jinina na! Wa kuka tsammani ya koya mata awo?"

Da aka watse, na biyo su a baya ina riƙe da takalminsa ɗaya da aka tsinto. Yana tafe da zanen da Nasiha ta ara masa a kafaɗa, laka ta bushe masa har gira, Hanifa tana gefensa rungume da ɗan injinta. Can ya waiga dama da hagu, ya sunkuyo ya rage murya.

"Hanifa, santimitan ga da kinka faɗi. Kamar yaya girmanai?"

Ta kama hannunsa, ta kankare lakar da ke kan farcen ɗan yatsansa, ta nuna masa faɗin farcen. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallon farcen nan kamar yau ya fara ganinsa.

"Wanga ɗan abin?"

"Shi na, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya. "To. Kar ki faɗa ma Ɗangiwa na tambaya."

"Ba sai ta faɗa ba, bawana," in ji Ɗangiwa, wanda ya kashe babur yana turo shi a hankali a bayansu tun daga ƙofar makaranta.

Hanifa ta je Sakkwato ta dawo da takardar yabo, tana nan manne a ɗakin Inno. Shi kuwa daga ranar babu wanda ya sake ce masa Injiniya, daga Tambuwal har fadamar Kebbe. Malam Santimita ake ce masa, kuma ranar da ya ga dama har amsawa yake yi.